Makin CGPA na Jami'o'in Indiya: Da Wace Ƙa'ida Ake Mayar da Shi Kashi Cikin Ɗari?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a fannin injiniyan kwamfuta a wata kwaleji da ke Bengaluru a ƙasar Indiya, na fita da CGPA, wato matsakaicin makin duk darussan da na yi, 7.6 bisa 10. Yanzu ina neman gurbin digiri na biyu a Ingila ko Jamus, har Kanada ma ina leƙawa. Wata jami'a ta rubuta cewa sai mai kashi 70 cikin ɗari take ɗauka. Ejan ɗin da ke taimaka mini ya ce in ninka makina sau 9.5, abokina ya ce sau 10 ake ninkawa, a intanet kuma na ga wani lissafin da ake fara cire 0.75. Kowanne da amsar da yake bayarwa. Wanne ne daidai, kuma wanne zan rubuta a fom?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tambayarka, ɗan'uwa, biyu ce a haɗe: wace ƙa'ida ce ta halatta a juya makinka da ita, sannan ko kai ne ma ya kamata ka yi wannan juyin tun farko. Bari mu fara jera amsoshin da aka ba ka domin a ga girman tazarar. Idan aka ninka 7.6 sau 10 za a sami 76, idan aka ninka sau 9.5 za a sami 72.2, idan kuma aka cire 0.75 sannan aka ninka abin da ya rage sau 10 za a sami 68.5. Jami'ar da kake nema ta tsayar da iyakarta a 70, ke nan lissafi biyu sun tsallakar da kai, na ukun ya bar ka a baya, alhali takardar ɗaya ce. Babu ƙa'idar bogi a cikin ukun nan, domin kowace akwai hukuma ko jami'a a Indiya da ke aiki da ita. Sai dai wadda ta shafe ka guda ɗaya ce, ita ce wadda jami'ar da ta ba ka digiri ta zartar wa 'yan shekarar da kuka shiga tare, kuma tana iya zama ba ta cikin ukun ma. Ba ka ambaci sunan jami'arka ba, ba ka kuma faɗi shekarar da ka shiga ba, saboda haka ba zan yanke maka lamba ɗaya in ce ita ce taka ba. Abin da zan yi shi ne in nuna maka inda za ka same ta a rubuce, da yadda kowace ƙasa daga cikin waɗanda ka ambata take karanta ta.

Me ya sa aka rasa ƙa'ida guda

Shekaru masu yawa jami'o'in Indiya da maki bisa ɗari suke auna ɗalibai, su kuma raba su aji-aji: wanda ya kai 60 ya shiga aji na ɗaya, mai 50 ya shiga na biyu a yawancin wurare, wanda ya kai 70 ko 75, gwargwadon jami'a, a rubuta masa shaidar fice. Malamansu, musamman a fannonin adabi da zamantakewa, ba su da sakin hannu wajen bayar da maki, shi ya sa 60 ta Indiya ba ƙaramin abu ba ce. Daga baya tsarin harafi da lamba ya bazu, kuma a 2015 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasar, wato UGC, ta fitar da tsarin zaɓen darussa bisa nauyinsu da ake kira CBCS, mai ma'auni goma: O tana da 10, A+ tana da 9, A tana da 8, B+ tana da 7, B tana da 6, C tana da 5, P tana da 4, F kuma sifiri. Hukumar ba ta tilasta wa kowa hanya ɗaya ta komawa daga wannan ma'auni zuwa kashi cikin ɗari ba, ta bar wa kowace jami'a nata hukuncin.

Ko da ta so tilastawa, lissafin kansa ba zai ba ta haɗin kai ba. Ana samun CGPA ne ta hanyar ninka lambar da ɗalibi ya samu a kowane darasi da nauyin darasin, wato kiredit ɗinsa, a tara duka, sannan a raba da jimillar kiredit. Amma tun kafin a zo nan an riga an yi asarar wani abu. A jami'o'i da dama duk wanda ya ci daga 70 zuwa 79 a darasi lamba 8 ake ba shi, don haka mai 71 da mai 79 sun zama ɗaya a takarda, kuma babu lissafin da zai sake raba su. Wanda ya ninka 8 sau 10 ya ce 80 ya ba su duka biyun makin da babu wanda ya samu a cikinsu. Daga nan za ka gane hikimar jami'o'in da ke cewa a fara cire 0.5: suna ƙoƙarin sauko da lambar zuwa tsakiyar zangon ne, wato 75. A wasu cibiyoyin kuma, kamar da yawa daga cikin manyan cibiyoyin fasaha na Indiya da ake kira IIT, ana ba da harafi ne bisa matsayin ɗalibi a tsakanin 'yan ajinsa, ta yadda lamba 8 ba ta ɗaure da wani maki tsayayye ko kaɗan. Saboda haka duk kashin da aka fitar daga CGPA ƙiyasi ne da hukuma ta amince da shi, kuma darajarsa tana cikin hatimin da ke kansa. Kowace kasuwa da mudunta, kuma mai saye zai tambayi da wanne aka auna kafin ya yi ciniki.

Ita 9.5 da ejan ɗinka ya ba ka, asalinta daga makarantun sakandare ne. Hukumar jarrabawa ta CBSE ce ta yi amfani da ita ga 'yan aji na goma a shekarun da take bayar da sakamako da CGPA, kafin ta koma wa maki bisa ɗari a 2018. Harafi mafi girma a tsarinta yana ɗaukar maki 91 zuwa 100 kuma lambarsa 10, sai ta ga matsakaicin makin waɗanda ke faɗawa wannan zangon yana wajen 95, ta raba da goma ta sami 9.5. Da yake miliyoyin yara sun bi ta wannan hukuma, lambar ta zauna a bakin mutane har ana ɗaukarta a matsayin ƙa'idar ƙasa baki ɗaya. Jami'ar Delhi ta zartar da 9.5 ga masu digirin farko a ƙarƙashin CBCS, don haka ga ɗalibinta na wannan tsari daidai ce. Ga ɗalibin injiniya a Karnataka kuwa ba ta da wani tushe, sai idan jami'arsa ce ta rubuta ta.

Cire 0.75 ya fito ne daga jadawalin hukumar ilimin fasaha ta AICTE, inda 6.25 take daidai da kashi 55, 6.75 take daidai da 60, 7.75 take daidai da 70. Jami'ar Anna da ke Chennai sau 10 take ninkawa kai tsaye. Jami'ar fasaha ta Gujarat da jami'ar fasaha ta JNTU da ke Hyderabad suna cire 0.5 kafin su ninka, wanda zai ba mai 7.6 kashi 71. Jami'ar Mumbai ta bi wata hanya dabam: ɗaya daga cikin ƙa'idojin da ta fitar ita ce a ninka sau 7.1 a ƙara 11, kuma da ita 7.6 ba za ta wuce wajen 65 ba. Duba yadda lamba ɗaya ta yi yawo daga 65 zuwa 76.

Tun da a Bengaluru ka yi karatun injiniya, akwai yiwuwar kwalejinka tana ƙarƙashin jami'ar fasaha ta Visvesvaraya, wadda aka fi sani da VTU, mai hedikwata a Belagavi. Ita ce ma misali mafi kyau na dalilin da ya sa na damu da shekarar shigarka. Ga waɗanda suka yi karatu a tsare-tsarenta na 2015, 2017 da 2018, cire 0.75 ake yi a ninka sau 10, amma daga tsarin 2021 ta koma ninkawa sau 10 kai tsaye. Ɗalibai biyu daga kwaleji ɗaya da CGPA ɗaya, ɗaya yana da 68.5 ɗaya yana da 76, kuma kowannensu gaskiya ya rubuta. Ta yiwu abokinka bai yi kuskure ba a game da kansa, kuskuren shi ne ɗora maka ƙa'idarsa. Sannan a Bengaluru akwai jami'o'i masu zaman kansu da kwalejoji masu cin gashin kansu wajen shirya jarrabawa, kowace da dokarta.

Inda za ka sami taka

Ɗauko takardar cikakken sakamakonka, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, ka juya bayanta. A yawancin waɗanda suka ratsa hannuna wajen taya ɗalibai haɗa takardun neman gurbi, akwai ɗan jadawali da ƙananan haruffa a bayan shafin ƙarshe, yana nuna kowane harafi da zangon makinsa da lambarsa, a ƙarƙashinsa kuma layi ɗaya tak mai ɗauke da ƙa'idar juyawa. Ɗalibai sukan ɗauki hoton gaban takardar su aika, su bar bayan, alhali bayan nan ne jami'in da ke tantancewa yake fara nema. Idan ba ka ga layin a can ba, duba littafin dokokin karatu na shekarar shigarka ko sanarwar jami'a a shafinta. Idan nan ma babu, ka rubuta wa ofishin mai kula da jarrabawa na jami'ar, wanda suke kira Controller of Examinations, ko ofishin rajistara, ka nemi takardar shaidar juya CGPA zuwa kashi cikin ɗari. Takarda ce da suka saba bayarwa, domin ma'aikatun Indiya kansu suna neman ta wajen ɗaukar aiki. Ka tabbata tana ɗauke da sunanka, lambar rajistarka, ƙa'idar da aka bi, sa hannu da hatimi.

Ka lura da bambancin kwaleji da jami'a, domin nan ne ɗalibanmu da suka yi karatu a Indiya suka fi tuntuɓe. Mutum zai yi shekara huɗu a kwaleji, ya san shugabanta da malamanta, amma shi digirin, jami'ar da kwalejin ke ƙarƙashinta ce ta bayar da shi. Wasiƙar shugaban kwaleji tana da sauƙin samu, sai dai masu tantancewa a waje sun fi amincewa da ta jami'a, wasu ma ba sa karɓar ta kwalejin sam. Na ga ɗalibin da wani ma'aikacin kwalejinsu ya rubuta masa wasiƙa da 9.5 don kyautatawa, alhali bayan tiranskirif ɗinsa cire 0.75 aka buga. Takardun biyu suka isa tare suna ƙaryata juna, aka dakatar da duba buƙatarsa har sai ya kawo bayani daga jami'a, kafin bayanin ya zo kuma an rufe zangon ɗaukar ɗalibai. Da ƙaramar lambar ya aika ita kaɗai, da an duba shi a kan lokaci.

Ingila

Jami'o'in Ingila ba su cika tsayawa kan kashi cikin ɗari shi kaɗai ba. Abin da suke nema shi ne kwatankwacin ajin digirinsu, galibi babban aji na biyu da ake rubutawa 2:1, wani lokaci ƙaramin aji na biyu, wato 2:2. Kowace jami'a tana da shafin da ta keɓe wa masu takardun Indiya, kuma da yawansu sun raba jami'o'in Indiya rukuni-rukuni, ta yadda za a karɓi kashi 60 daga ɗalibin wata jami'a a nemi 65 ko 70 daga na wata. Sau da yawa shafin yana kawo sharaɗin ta fuska biyu, kashi kaza ko CGPA kaza bisa 10. Idan haka ne a jami'ar da kake nema, ba ka da buƙatar juya komai, layin CGPA shi ne naka. Ka koma ka karanta shafin da kyau, ka tabbatar ko 70 ɗin da ka gani ta rukunin jami'arka ce, domin shafin Indiya ne ya shafe ka ba na Nijeriya ba, tun da takardar suke aunawa ba fasfo ba. Idan kashi kaɗai suka rubuta, ka aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel ɗauke da gaba da bayan tiranskirif ɗinka, ka tambaye su yadda suke karanta 7.6 daga jami'arka, ka kuma adana amsar. Hukumar UK ENIC, wadda a da ake kira UK NARIC kafin 2021, tana bayar da takardar da ke nuna matakin digirinka a tsarin Birtaniya, amma yanke hukunci kan maki na jami'ar da za ta ɗauke ka ne.

Jamus

A Jamus lissafin a fili yake, kuma ya kamata ka gwada shi da kanka kafin ka kashe kuɗin nema. Ma'auninsu yana tafiya ne daga 1.0, wadda ita ce mafi kyau, zuwa 4.0, wadda ita ce ƙarshen ci, kuma suna juya makin waje da abin da ake kira gyararriyar ƙa'idar Bavariya. Ana cire makinka daga maki mafi girma, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙantar makin ci, a ninka sau 3, a ƙara 1. A naka, 10 a cire 7.6 saura 2.4. Idan mafi ƙanƙantar makin ci a jami'arka 4 ne, za a raba 2.4 da 6 a sami 0.4, a ninka sau 3 a sami 1.2, a ƙara 1 ya zama 2.2. Idan kuwa 5 ne, za a raba da 5, amsar ta zama 2.44, wato 2.4. Kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa suna tsayar da iyaka a 2.5, saboda haka a duka biyun kana ciki. Amma dubi abin da zai faru idan aka yi lissafin da 68.5 bisa ɗari, makin ci kuma 40: 100 a cire 68.5 saura 31.5, a raba da 60, a ninka sau 3, a ƙara 1, za a sami 2.575, ka zo bakin iyaka ke nan. Wannan ya isa ya nuna maka cewa juya maki sau biyu, daga CGPA zuwa kashi sannan daga kashi zuwa ma'aunin Jamus, yana iya cutar da kai ba gaira ba dalili. Ka miƙa makin yadda yake a takarda, ka bar jami'ar ko cibiyar uni-assist, wadda ke tantance wa jami'o'i da yawa takardun baƙi, su yi nasu lissafin. Za su kuma duba matsayin jami'arka a rumbun bayanai na anabin, inda alamar H+ ke nufin an amince da ita. Sannan tun daga Nuwamban 2022 ana neman takardar tantancewa ta APS a kan shaidun karatun Indiya, kuma tana cin lokaci, don haka ka tambayi jami'ar game da ita tun da wuri.

Kanada da Amurka

A nan kuskuren da aka fi yi shi ne raba CGPA da 10 a ninka sau 4, wanda zai mayar da 7.6 ta zama 3.04. Lissafin yana da kyan gani amma ba shi da madogara, domin ma'aunin goma na Indiya da ma'aunin huɗu na Amurka ba a wuri ɗaya suke ajiye ci da faɗuwa ba, ba kuma a wuri ɗaya suke ajiye fice ba. Jami'o'i da yawa a can suna cewa ƙarara kada mai nema ya juya makinsa, ya rubuta shi yadda yake tare da ma'auninsa. Waɗanda ke son juyi sukan tura ka wurin cibiyoyin tantancewa irin su WES ko ECE, waɗanda ke bin darasi ɗaya bayan ɗaya su ba kowanne harafin da ya dace da shi a tsarinsu, sannan su fitar da jimilla. Amsarsu tana iya ɗara 3.04, tana iya gaza ta. WES ba ta karɓar tiranskirif daga hannun ɗalibi: jami'a ce za ta aika ta hanyar intanet da suka amince da ita, ko a cikin ambulan rufaffe mai hatimi a kan bakin da aka liƙe, kuma ambulan da aka buɗe ya tashi daga aiki. Kai da ka yi digirin injiniya na shekara huɗu ka tsira daga wata matsalar da ke damun masu digirin shekara uku irin su BSc da BCom, waɗanda wasu jami'o'in Amurka da Kanada ba sa ɗauka daidai da nasu sai da ƙarin sharuɗɗa.

Abin da za ka rubuta a fom

Idan fom ya ba da gurbin maki da gurbin ma'auni, rubuta 7.6 da 10. Idan ya tilasta kashi cikin ɗari, rubuta abin da ƙa'idar jami'arka ta bayar, ka haɗa takardar da ta tabbatar da shi, ko da kuwa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lambobin da aka ba ka. Kada ka ɗaga lamba zuwa sama don ta cika: 68.5 ba 69 ba ce, kuma mai 6.74 a ƙa'idar cire 0.75 yana da 59.9 ne, bai kai aji na ɗaya ba sai jami'arsa ta rubuta cewa ya kai. Kada kuma ka tara makin simesta takwas ka raba da takwas ka kira shi CGPA, domin simestocin ba nauyinsu ɗaya ba, lambar da aka buga a takardar ƙarshe ita ce abin dogaro. Idan ka taɓa samun kari-oba, abin da su suke kira backlog, wasu jami'o'in za su nemi takardar da ke nuna adadinsu da lokacin da ka cinye su, don haka ka neme ta tare da ta juyin maki a aike ɗaya, domin bibiyar ofishin jami'ar Indiya daga gida ba ƙaramin aiki ba ne.

Game da ejan, ban ce ka rabu da shi ba, amma ka tuna kai ne za ka sa hannu a ƙasan fom cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Jami'a tana da ikon janye gurbi idan ta ga lambar da aka rubuta ta saɓa wa takarda, ko da bayan ka biya kuɗin ajiye gurbi. Ka ce ya nuna maka inda jami'arka ta rubuta 9.5. Idan ya nuna, shi ke nan, idan bai nuna ba, kada lambar ta shiga fom ɗinka.

Idan ta tabbata 68.5 ce taka kuma jami'ar ta tsaya kan 70, ƙofar ba lallai ta rufe ba. Wasu kwasa-kwasan suna duba makin shekaru biyu na ƙarshe ko na darussan da suka shafi fannin, wasu suna la'akari da aikin da mutum ya yi bayan kammala karatu, kuma ɗalibin injiniya sau da yawa makinsa na ƙarshe ya fi na farko. Wannan hukuncinsu ne, ni ba zan iya yi maka alkawarinsa ba, amma tambaya ce da ta cancanci a saka a imel ɗin da za ka aika musu. Ka kuma nemi wasu jami'o'i biyu ko uku da sharaɗinsu ga rukunin jami'arka bai wuce 60 ko 65 ba, ka miƙa musu a lokaci guda. Idan ka aiko mini da sunan jami'ar, shekarar da ka shiga da hoton bayan tiranskirif ɗinka, zan duba layin tare da kai kafin ka cike fom na farko.